Kano Zuwa Jidda: Tafiyar Shekaru da Ta Koma Awa Biyar

Maniyyacin da jirginsa ya ɗaga daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da ƙarfe goma na dare, in an yi sa'a hanya a buɗe take, wajen asubahi zai taka ƙasar Jidda. Awa huɗu da rabi ne zuwa biyar a sama, sannan ya tura agogonsa gaba da awa biyu, domin da haka Saudiyya ta ɗara Najeriya a lokaci. A tsakani zai ci abinci sau ɗaya, ya ɗan runtsa, wataƙila ya yi mitar sanyin cikin jirgi. Ƙasar da ya ƙetare yana gyangyaɗi kuwa ita ce kakanninsa suka yi shekaru suna takawa da ƙafa, wasu suka isa, wasu suka yi gida a hanya, wasu kuma ko kabarinsu ba a sani ba.

Tsakanin filin jirgin Kano da na Jidda akwai kimanin kilomita 3,400 in aka ja zare a miƙe. Zaren zai bi ta kan Yobe da yankin Diffa, ya gifta arewacin Tafkin Chadi, ya ratsa hamadar Chadi, ya faɗa arewacin Sudan, ya tsallake Kogin Nilu wajen Dongola, sannan ya ƙetare Bahar Maliya. Zuwa Madina, inda akasarin alhazan Najeriya ke fara sauka a yanzu, ƙarin bai kai kilomita 200 ba. Wannan tazara tana nan yadda take tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Lokacin da ake ɗauka kafin a cinye ta ne ya yi ta sauyawa, kuma abubuwa uku ke sauya shi: abin hawa, abin da ke aljihu, da zaman lafiyar ƙasashen da ke tsakani. Cikin ukun nan, na ƙarshe ne mutane suka fi saurin mantawa da shi.

A da can, ba ma ta gabas aka fi bi ba. Masu hali da malamai kan bi ayarin fatake su yi arewa, ta Agadas da Gat da Murzuk, su kai Alƙahira, su jira babban ayarin Masar mai rakiyar rigar Ka'aba. Hanya ce mai nisa da tsada, sai mai raƙumi da guzuri. Hanyar gabas, wadda ta ratsa Borno da Bagarmi da Wadai da Darfur, ta fi ruwa da ciyawa, har mai jaki da iyali zai iya bin ta, sai dai sarakunan yankin da mahara sun sa ta zama abar tsoro. Ba ta zama hanyar talaka sosai ba sai farkon ƙarni na ashirin: an kashe Rabe a Kusuri a 1900, Faransawa sun ci Wadai a 1909, Turawan Ingila kuma sun kawar da Sarki Ali Dinar na Darfur a 1916. Daga nan sunayen zangon suka zauna a bakin mutane kamar karatun allo: Maiduguri, Fort Lamy wadda ake kira Njamena yau, Abeshe, Junaina, Alfashir, Al'ubayyid, Hartum, Sawakin.

Ayari mai jakuna da mata da yara kan ci kilomita 25 zuwa 30 a yini. In da lissafi kaɗai ake bi, wata biyar zuwa shida sun isa a kai bakin teku. Amma da wuya a sami wanda ya yi ta a haka, domin yawancin masu tafiyar ba su da kuɗin da zai kai su. Da sana'arsu suke tafiya. Wanzami ya yi aski a Abeshe, mai ɗinki ya yi huluna a Alfashir, malami ya buɗe makarantar allo a wani ƙauye, manomi ya yi damina ɗaya ko biyu a gonar wani, in an tara abin da aka tara sai a ƙara gaba. Shi ya sa tafiyar kan ci shekaru, kuma shi ya sa sallamar maniyyaci a wancan zamani ta yi kama da ta mai barin duniya: a biya bashi, a yi wasiyya, a nemi gafarar dangi da maƙwabta. Yaron da aka goya daga Kano kan iya isa Makka da ƙafarsa, ya dawo gida da gemu.

Sudan ce ta riƙe mafi yawansu. Bayan da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas tare da jama'ar da ta tsira, har suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Garin na nan har gobe da sunansa, Mayirno, ana jin Fulatanci da Hausa a cikinsa. Da aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira a 1925, sai ya zama rumbun da maniyyata ke neman kuɗin jirgin ruwa. Mutum ya zo tsinkar auduga ta kaka ɗaya, ya yi aure, ya haihu, ya aurar, kuma har ya tsufa in ka tambaye shi zai ce maka a kan hanyar Makka yake. Daga irinsu ne unguwannin Hausawa suka tsiro a Wad Madani da Gadarif da Kasala da Port Sudan. Waɗanda suka ƙetare suka zauna a Hijaz kuma su ne asalin Takari.

Jirgin ƙasa ya rage wahala daga ɓangaren gabas, domin dogo ya iso Al'ubayyid wajen 1912, daga nan mai kuɗin tikiti zai iya zama har bakin Bahar Maliya. A Sawakin akwai killacewar lafiya da biyan kuɗaɗe, abin da ya sa marasa ƙarfi da yawa kan zagaye hukuma su shiga kwalekwalen Larabawa masu filafilai da dare. Wasu sun isa lafiya, wasu teku ta ci, wasu kuma aka sayar da su bayi a ɗaya gaɓar.

Ana cikin wannan hali ne wani abu ya keto sararin Kano daga gabas. Ranar 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarki Usman ɗan Abdullahi Maje Karofi, jirage uku na sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A masu fukafukai hawa biyu da inji ɗaya, suka sauka a filin da Turawa ke wasan dawaki. Jagoransu wani hafsa ne, Arthur Coningham. Sun baro Hilwan kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoba, wato kwana shida ke nan. Abin lura shi ne hanyar da suka biyo: Hartum, Al'ubayyid, Alfashir, Fort Lamy, Maiduguri. Sawun alhazai suka taka, sai dai su daga gabas suka fito. Dalilin a fili yake. Ƙaramin jirgi ba ya iya dogon zango, dole ya sauka inda akwai gari da rijiya da wanda zai ajiye masa mai, kuma garuruwan da ke da waɗannan su ne zangon da matafiya suka raya tun da daɗewa.

Shekara goma da 'yan watanni bayan haka, a Fabrairun 1936, kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Hartum da Kano da jirgi ƙirar DH.86, kafin ƙarshen shekarar kuma ya miƙa har Legas. A lokacin, mai son zuwa Landan daga Kano ta sama sai ya fara yin gabas zuwa Hartum, ya sauya jirgi ya bi Nilu zuwa Masar, tafiyar kwanaki. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wa hanyar daraja. Da Bahar Rum ta zama fagen fama, sai Ingila ta riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar da ake kira Gana yau, a harhaɗa su, a tuƙa su ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy da Junaina da Alfashir har Hartum da Alƙahira. Daga 1940 dubban jirage sun bi ta nan. Yaƙin ya wuce ya bar filayen sauka, da na'urorin sadarwa, da matuƙa da suka san hanyar kamar tafin hannunsu.

Kafin alhazai su hau sama, mota suka fara hawa. 'Yan kasuwar Kano ne suka ga cewa jigilar maniyyata aiki ne na lada kuma sana'a ce. A ƙarshen shekarun 1940 mutane irin su Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash da Alhaji Mahmud Ɗantata suka tsaya a kan shirin kai alhazai da manyan motoci ta Chadi zuwa Sudan, a ƙarƙashin ƙungiyar da aka taƙaita sunanta da WAPA. Sunan bai mutu ba: Wapa ta Fagge, inda ake canjin kuɗi, daga nan ta samo shi, kuma ba abin mamaki ba ne a ce kasuwar riyal da dala ta tsiro daidai inda maniyyata ke taruwa. Mota ta mayar da tafiyar shekaru ta zama ta watanni, ko da yake in damina ta faɗi taɓon Chadi kan riƙe ta makonni a wuri guda.

A shekarun 1950 jirgin sama ya shigo harkar. Jiragen lokacin masu farfela ne, irin su DC-4 da ke cin kimanin kilomita 350 a awa, saboda haka zaman cikin jirgi kaɗai kan kai awa goma, ban da saukar shan mai a hanya. Ana tashi yau a isa gobe. Ga mutumin da mahaifinsa ya yi shekara biyar bai dawo ba, wannan abu ne da sai an gani. Sarakuna da attajirai da manyan ma'aikata ne suka fara, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya yi hajjinsa na farko a 1955, kuma yadda ya riƙa komawa a kai a kai ya nuna wa jama'a cewa mutum zai iya zuwa Makka ya dawo bai rasa aikinsa ko gonarsa ba. Wannan shi ne babban sauyin. Hajji ya tashi daga abin da ake sadaukar masa da wani yanki na rayuwa, ya koma abin da ake tara wa kuɗi a biya kujera.

A waɗannan shekarun Kano kanta zango ce ta duniya. Jiragen BOAC da KLM da Sabena masu zuwa Legas da Kwango da Afirka ta Kudu kan sauka su sha mai bayan sun ƙetare Sahara, domin ƙarfinsu bai wuce nan ba. Da jirage masu injin jet suka zo, masu iya tashi daga Turai su dire Legas ko Johannesburg ba hutawa, sai da yawansu suka daina tsayawa. Ci gaban da ya kusanto da Jidda shi ne kuma ya rage wa Kano baƙin Turai, kamar yadda ya raba Alfashir da Junaina da nasu baƙin.

Jet irin Boeing 707 na cin kusan kilomita 900 a awa. Da shi ne tafiyar ta sauko zuwa awa huɗu da 'yan kai, kuma tun daga lokacin ba ta ƙara raguwa ba. Jirgin da ke ɗaukar alhazai a yau bai fi na shekara hamsin da suka wuce sauri ba. Ya dai fi shi ɗaukar mutane, ya fi shi tsimin mai, ya fi shi aminci. Ɗan bambancin da ake gani tsakanin tafiya da dawowa, iska ce ke kawo shi. A can sama inda jirage ke bi, da damina iska mai ƙarfi kan kaɗo daga gabas, sai mai zuwa Jidda ya yi ta ture ta, mai dawowa kuma ta turo shi. Da hunturu lamarin kan juya. Tun da watan Zulhajji na zagaya shekara, yana matsowa da kwana goma sha ɗaya kowane zagaye, alhazan wani zamani sun tafi cikin hazo, na wani zamanin cikin hadari.

Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya cika jiragen. Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, kuma a 1977 waɗanda suka sauke farali daga Najeriya sun haura dubu ɗari. Hanyar ƙasa kuwa ta yi ta mutuwa a hankali: ga dokokin fasfo da biza da suka tsananta bayan samun 'yancin kai, ga yaƙin basasar Chadi da ya ɓarke tun tsakiyar shekarun 1960. Hausa ta yi sababbin kalmomi don sabon yanayin: sansanin alhazai, sahun farko, awon kaya, jirgin yawo. Aka sami 'yan Kano-Jidda, mata da maza masu kai goro da yaji su saro gwal da atamfa da dogayen riguna, suna zirga-zirga a hanyar da a da ake yi mata sallamar mutuwa. A ɗaya ɓangaren, Saudiyya ta bar tsohon filin Kandara da ke cikin gari ta buɗe na Sarki Abdul'aziz a 1981, da rumfar alhazai mai rufi kamar tantuna 210, inda duk wanda ya je hajji a shekarun nan ya san zaman jiran jirgi a kan tabarma da jarkar Zamzam a gefe.

Gajartar tafiyar ta zo da nata tambayoyin har ga malamai. Mai tafiya a ƙasa yana isa miƙati ya sauka, ya yi wanka, ya ɗaura harami a natse. Mai jirgi kuwa yana gifta daidai miƙatin cikin ƙiftawar ido a saman Bahar Maliya. Shin ya ɗaura tun daga Kano, ko ya jira sanarwar matuƙi, ko Jidda ta isar masa? An daɗe ana tattauna wannan, kuma fara sauke alhazai a Madina ya sauƙaƙa wa mafi yawa, tun da daga can a ƙasa suke zuwa miƙatin Zulhulaifa.

Hanyar sama ma ta ci rayuka, kuma ba a mantawa da ranaku biyu. Ranar 22 ga Janairu 1973 wani Boeing 707 na kamfanin Alia na ƙasar Jodan, wanda Nigeria Airways ya ɗauko haya, ya taso daga Jidda da alhazai zai tafi Legas. Rashin kyawun yanayi ya sa aka karkato shi Kano, inda ake fama da hazo da iska. Wajen sauka ƙafarsa ta karye, ya kauce daga titi, wuta ta kama. Cikin mutum 202, mutum 176 suka rasu, a gaban idon waɗanda ke filin. Sai kuma 11 ga Yuli 1991, lokacin da wani DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato da tayoyin da iskarsu ba ta cika ba. Tayoyin suka fashe suka kama wuta tun yana gudu a ƙasa, aka naɗe su cikin jirgi da wutarsu, ya juyo zai sauka bai kai ba. Duka mutum 261 da ke ciki suka rasu. Wannan na biyun ya fi ciwo, domin bincike ya nuna an san da matsalar tayar kafin a tashi, gudun ɓata lokaci ya sa aka ƙyale ta. Akwai gidaje a Sakkwato da Kabi da Zamfara da har yau in an ambaci shekarar sai an yi shiru.

Kamfanoni sun zo sun wuce. Kabo Air na Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya yi zamaninsa da manyan Boeing 747, Nigeria Airways ya durƙushe a 2003, Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal ya shigo, aka kafa sabuwar hukumar alhazai, NAHCON, a 2006, Saudiyya kuma ta sa nata kamfanin Flynas cikin rabon jigila. Duk wannan lokaci awa huɗu da rabin nan ta zama kamar wani abu da aka haifi mutane da shi. Ba mai tuna cewa kusan rabin tafiyar a sararin Sudan ake yin ta.

Aka tuna ranar 15 ga Afrilu 2023, a goman ƙarshe na azumi. Faɗa ya ɓarke a Hartum tsakanin sojojin gwamnati da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF, filin jirgin birnin na cikin wuraren da aka fara kai wa hari, har wani jirgin Saudiyya da ke shirin tashi ya sha harsasai. Aka rufe sararin samaniyar ƙasar. Saura makonni kaɗan a fara jigilar maniyyata 95,000 daga Najeriya, sai ga ƙofar gabas a garƙame. Ta arewa akwai Libiya da nata rikicin. Dole jirage suka riƙa yin dogon zagaye, tafiyar ta ƙaru da kusan awa biyu, ta doshi awa bakwai, kamfanonin jigila kuma suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera saboda mai da kuɗin ratsa sararin wasu ƙasashe. Maniyyacin da ya sayar da shanu ko amfanin gona ya biya kuɗinsa cif, ya wayi gari ana maganar ciko saboda yaƙin da ake yi a garin da bai taɓa gani ba.

A makonnin nan ne kuma ɗaliban Najeriya da ke karatu a Hartum suka fito a motocin safa, suka yi kwanaki a kan iyakar Masar cikin rana da ƙishirwa kafin a kwaso su daga Aswan, wasu kuma daga Port Sudan, a gaɓar tekun da kakanninsu ke jiran jirgin ruwa. Junaina da Alfashir, zangon alhazai kuma zangon jirage, sun koma sunayen da ake ji a labaran kisa da yunwa. A Disambar 2023 yaƙin ya shiga Wad Madani, tsakiyar ƙasar auduga, dubban ɗaruruwan mutane suka fita da abin da hannu zai iya ɗauka. A cikinsu akwai jikokin waɗanda suka baro Kano da Katsina da Haɗeja da niyyar Makka shekara ɗari da suka wuce, wasu suka nufi Sinnar, wasu Gadarif, wasu suka bi titin da ya gangara Port Sudan.